Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Mai Ba Fim Maki Ya Faɗa Mana Dalilinsa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira ya yi jagora. Na rubuto ne akan wata magana da ta shafi duk mai kallon fim, wato yadda mutane suke faɗin ra'ayinsu akan fim ɗin da suka kalla kwanan nan da makin da suke ba shi. Yanzu da wuya fim ya kwana biyu da fitowa ba ka ga wani ya rubuta "na ba shi takwas cikin goma" ba, wani ya zo ƙasa ya ce kai tauraro biyu ma ya yi masa yawa, shikenan an gama magana kowa ya kama gabansa, babu wanda ya faɗi me ya gani a ciki. Wannan ɗabi'ar tana damuna sosai, kuma akwai roƙon da nake son in yi maka a kanta.

Kar dai wani ya ɗauka ina cikin masu raina ɗan kallo. Akwai masu cewa wai wanda bai karanci harkar fim ba, bai san yadda ake saita haske ko ɗaukar sauti ba, to ba shi da bakin magana, ya kalla kawai ya yi shiru. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ɗan kallon nan shi aka yi wa fim ɗin, shi ya ba da kuɗinsa ko datarsa da awa biyu daga rayuwarsa waɗanda ba za su dawo ba, in labari ya gundure shi a tsakiya to wallahi akwai inda aka samu matsala ko da masana sun taru sun ce fim ya yi. Kuma an sha ganin 'yan kallo su ne ke ɗaga fim bayan kasuwa ta juya masa baya. Ka duba The Shawshank Redemption na 1994, kusan dala miliyan 25 aka kashe wajen yin sa, da aka fara haska shi a sinimomin Amurka ko wannan kuɗin bai mayar ba, aka saka shi takarar Oscar a wuri bakwai bai ci ko ɗaya ba. Sai da ya fita a kaset mutane suka fara karɓar haya, gidajen talabijin suka riƙa maimaita shi, wannan ya kalla ya gaya wa wancan, to yau shi ne a saman jerin fina-finai 250 na IMDb, shafin intanet da 'yan kallo ke ba fina-finai maki, da maki 9.3, kuma mutane ne irina da irinka sama da miliyan biyu suka shiga suka danna har ya kai nan. Saboda haka bakin ɗan kallo yana da nauyi, abin da nake kuka da shi lambar da ake jefowa haka kawai ba bayani.

Domin bakwai ɗina ba lallai ta zama bakwai ɗinka ba. Akwai mutumin da duk fim ɗin da bai sa shi barci ba goma yake ba shi, akwai wanda tunda yake bai taɓa wuce takwas ba don a ganinsa goma ta abin da ba shi da aibi ce kuma babu irinsa. Wani in ya ce biyar yana nufin fim ɗin tsaka-tsaki ne za a iya kalla, wani kuma da lissafin makaranta yake tafiya, a wurinsa biyar cikin goma da ƙyar aka tsallake kenan. Sai a tattara duk waɗannan a raba a fito da 6.8 a ce wai ga ra'ayin jama'a. Sannan su wa ma suke tsayawa su ba da makin? Yawanci wanda abin ya burge shi matuƙa ne ko wanda ransa ya ɓaci, shi wanda ya kalla ya ce to ba laifi, kashe waya yake yi ya kwanta. Kamfanin YouTube da kansa ya gano haka, a 2009 suka fito da lissafi suka nuna mafi yawan makin da ake ba bidiyoyi tauraro biyar ne, sai ɗan abin da ba a rasa ba na tauraro ɗaya, biyu da uku da huɗu kuwa kusan ba mai taɓa su. Shi ya sa a 2010 suka cire taurarin gaba ɗaya suka koma na so ko ban so ba.

Na Netflix ma ya fi ba ni abin tunani. Wannan kamfani ne da ya yarda da taurari har a 2006 ya saka gasar dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai inganta masa hanyar hasashen makin da mutum zai ba fim da kashi 10 cikin ɗari, aka yi ta fafatawa sai a 2009 aka samu waɗanda suka ci. Amma a 2017 shi ma ya ajiye taurarin ya koma ɗaga babban yatsa sama ko ƙasa. Cikin dalilan da jami'insu Todd Yellin ya bayar akwai cewa sun lura mutum zai ba fim ɗin ilimantarwa tauraro biyar ya ba na barkwanci uku, amma in ka duba abin da yake kallo a zahiri na barkwancin yake ta maimaitawa. Kaga kenan wani lokacin makin da muke bayarwa yana nuna irin mutumin da muke so a ɗauke mu ne, mai zurfin tunani mai kallon manyan abubuwa, alhali abin da ya faranta mana rai daban. Ni kuma a ganina ba abin kunya ba ne mutum ya ce fim ɗin nan ba wani darasi a ciki amma na yi dariya har cikina ya yi ciwo, wannan ma ai bayani ne mai amfani ga wanda ya dawo aiki a gajiye yana neman abin da zai ɗebe masa kewa.

Wani abin kuma, da yawa daga masu ɗauko lambobin nan su liƙa a hira don su kashe bakin abokin musu ba su san yadda aka samo su ba. Mutum zai ce maka fim kaza ya samu kashi 95 a Rotten Tomatoes, a zatonsa an ba shi tara da rabi cikin goma kenan. Ba haka lissafin yake ba. Shafin nan da aka buɗe tun 1998 ƙirga yake yi cikin masu sharhi mutum nawa suka ce fim ɗin ya yi, nawa suka ce bai yi ba, in kashi 60 ko fiye suka yaba sai a saka masa jan tumatir. To fim ɗin da kowa ya ce ba laifi amma ba wanda ya mutu a kansa zai iya samun kashi 95, shi kuma wanda ya girgiza rabin masu kallo ya ɓata wa rabi rai sai ka gan shi a 55, kuma sau da yawa na biyun ne za ka daɗe kana tunawa. A ɓangaren 'yan kallo ma haka suke yi, duk wanda ya ba da tauraro uku da rabi zuwa sama sai a lissafa shi cikin waɗanda suka so. IMDb kuwa, wanda Col Needham ya fara a Ingila a 1990 kafin Amazon ta saye shi a 1998, ba tarawa kawai yake yi ya raba ba, wasu ƙuri'un sun fi wasu nauyi kuma sun ƙi faɗin yadda suke aunawa don kar a yi musu maguɗi, sannan fim ba ya shiga jerin 250 ɗin nan sai ya samu ƙuri'a 25,000. Akwai kuma CinemaScore a Amurka, su tun ƙarshen shekarun 1970 kati suke raba wa mutane a sinima a daren farko na fitowar fim su ba da maki daga A zuwa F. Wa ke zuwa daren farko? Wanda tun fitowar tirela yake ɗoki, masoyin jarumin ko masoyin daraktan, shi ya sa yawancin fina-finai A ko B suke samu, in ka ga C to akwai matsala babba. Fim ɗaya zai iya samun lamba huɗu mabambanta a ma'aunan nan huɗu kuma ba wanda ya yi ƙarya, tambayar da kowanne ya yi ce daban, mutanen da ya tambaya ma daban.

Amma abin da ya fi ci min rai Malam Edita shi ne masu ba da maki akan fim ɗin da ba su kalla ba. A 2014 an saki wani fim ɗin Indiya mai suna Gunday, a farkonsa aka kawo bayanin yaƙin 1971 ta yadda mutanen Bangaladash suka ga an tauye musu tarihin gwagwarmayar neman 'yancinsu, aka mayar da shi kamar rigima ce tsakanin Indiya da Pakistan kawai. Ransu ya ɓaci, kuma ni ina ganin suna da hujjar ɓacin ran, ba wanda zai so a taɓa tarihin da iyayensa suka zubar da jini a kai, har kamfanin da ya yi fim ɗin sai da ya ba da haƙuri. Sai dai hanyar da aka bi ita ce dubban mutane suka yi gayya suka shiga IMDb suna danna ɗaya cikin goma, fim ɗin ya faɗo ƙasa da maki 2 har ya zama na ƙarshe a jerin gaba ɗaya a wani lokaci. To wanda ya zo daga baya bai san wannan labarin ba, lamba kawai zai gani ya ɗauka aktin ɗin ne ya lalace ko labarin ne shirme, ainihin ƙorafin da aka yi gayyar dominsa ma bai isa gare shi ba. Da kowannensu layi biyu ya rubuta ya ce ga inda aka ɓata mana tarihi, da saƙon ya fi isa. Haka a 2019 kafin fim ɗin Captain Marvel ya fito aka cika Rotten Tomatoes da suka tun ba wanda ya gan shi, dole a watan Fabrairun shekarar suka hana rubuta ra'ayi kafin fim ya fito, a watan Mayu kuma suka fara ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti.

Kuma ba masu kushe kaɗai ke wannan ba, masoya ma suna yi. Jaruminka ya fito a fim, tun kafin ka ga ko sin ɗaya ka je ka danna goma, ka kira abokai su ma su danna don a ƙular da masoyan wancan jarumin. Ni a wurina maki shaida ce, kana gaya wa wani bawan Allah da bai san ka ba cewa na gani da idona ga yadda na same shi, shi kuma zai dogara da maganarka ya kashe kuɗinsa da lokacinsa ko ya fasa. In ba ka gani ba ka ce ka gani ai shaidar zur ka yi, ko ta yabo ce ko ta kushe. Sannan a bayan kowane fim akwai mutane da yawa da ba a ganin fuskarsu, mai riƙe kyamara da mai haɗa hoto da mai kwalliya da mai ɗaukar fitila, wata da watanni suna wahala, bai kamata wanda ko minti goma bai ba aikinsu ba ya zo ya yanke masa hukunci.

Ko wanda ya kalla tsakani da Allah ma akwai abubuwan da ke juya masa ra'ayi bai sani ba. Na farko bin yarima a sha kiɗa. A 2013 wasu masu bincike su uku sun wallafa wani gwaji a mujallar Science, a wani shafin labarai suka riƙa zaɓar rubutun mutane da ka suna danna masa alamar so ta farko ba tare da la'akari da abin da ke ciki ba, a ƙarshe makin waɗannan rubuce-rubucen ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Dannawa ɗaya tak ta farko ta ja sauran. To ina ga wanda kafin ya kunna fim ya riga ya ga mutum ɗari sun ce ba a taɓa yin irinsa ba? Ko dai ya bi su don kar a ce bai gane ba, ko kuma ya shiga da buri mai yawa ya fito yana cewa wai dama wannan ne ake ta zuzutawa, ya ba shi ƙasa da abin da ya cancanta. Sai kuma maganar ƙarshen fim. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun yi wani gwaji a 1993, mutum ya tsoma hannu a ruwa mai tsananin sanyi na daƙiƙa 60, a wani zagayen kuma daƙiƙa 90 amma a talatin ɗin ƙarshe aka ɗan sassauta sanyin, da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita yawancinsu mai tsawon suka zaɓa duk da wahalarsa ta fi yawa, saboda yadda abu ya ƙare shi ke zama a rai. Haka fim yake, zai ja ka awa ɗaya da rabi ba abin kirki, a minti goman ƙarshe a kashe bos ta hanya mai ƙayatarwa a saka kiɗa mai taɓa zuciya, kana tashi ka danna tara. Wani kuma ya riƙe ka tun daga farko amma ƙarshen bai zo yadda kake so ba, jarumi bai auri jaruma ba, sai haushi ya sa ka ba shi huɗu. Shi ya sa nake ganin gara mutum ya bari ya kwana a kai kafin ya ba da maki, in gari ya waye yana tuna wani sin ko wata magana daga ciki to fim ɗin ya yi aiki.

Yanayin kallon ma yana da nasa. Wanda ya kalla a sinima cikin duhu da sauti mai ƙarfi da wanda ya kalla a waya yana amsa saƙo yana tura fim gaba duk inda aka fara doguwar hira, har wani ma ƙara gudun bidiyon yake yi don ya gama da wuri, waɗannan ba fim ɗaya suka kalla ba ko da sunan ɗaya ne. Ba laifi ba ne kallo a waya, yawancinmu haka muke yi, a faɗa ne kawai don mai karatu ya san yadda zai auna maganar.

Ra'ayi mai amfani ba sai ya yi tsawo ba kuma ba sai da manyan kalmomi ba. Mutum ya ce labarin ya ja da yawa a tsakiya amma uwar jarumin ta yi aktin ɗin da ya sa ni hawaye, ko ya ce faɗan ya haɗu sai dai ban gane dalilin da ya sa bos ɗin yake gaba da su ba har aka gama, ko ya ce na tsaya a rabi don sautin ba ya fita. Ka ga kowanne daga cikin waɗannan ya ba ni abin da zan yanke shawara da shi, in ni mai son faɗa ne zan kalli na biyun ko da mai maganar biyar ya ba shi, in kuma labari nake bi zan wuce. Har abin da ya ɓata wa wani rai zai iya zama shi nake nema, wani zai ce waƙoƙi sun yi yawa ni kuma don su zan kalla. Lamba ba za ta taɓa gaya min wannan ba. Kuma iyaye suna da buƙata ta musamman a nan, fim zai iya samun 8.5 amma akwai wuraren da ba za ka so ka zauna da yaranka ko ƙannenka kuna kallo ba, ɗan kallo ɗaya da ya rubuta "akwai zubar da jini sosai, kar a kalla da yara" ya yi wa mutane hidimar da ƙuri'a dubu ba su yi ba. Shafin Letterboxd da aka buɗe a New Zealand a 2011 abin da ya sa mutane suka karɓe shi kenan a ganina, mutum yana rubuta ranar da ya kalli fim da ɗan abin da ya ji, kai kuma in ka bi shi na ɗan lokaci za ka gane irin abin da yake so, sai ka san ukunsa me take nufi, biyar ɗinsa me take nufi.

To ga roƙon nawa. Ina so wannan jarida ta ware wa 'yan kallo fili su riƙa turo ra'ayinsu akan fim ɗin da suka kalla a makon, na kowace ƙasa ne, sabo ko tsoho, mai dogon zango ko gajere. Amma a saka sharaɗi, duk wanda zai turo ya faɗi sunan fim da shekararsa, ya faɗa ko ya kalla har ƙarshe ko a hanya ya tsaya, a ina ya kalla, sannan abu ɗaya da ya burge shi da abu ɗaya da bai yi masa ba, da kuma wanda yake ganin fim ɗin zai dace da shi. Maki ya zo a ƙarshe, kuma jarida ta fayyace ma'anar kowace lamba a saman shafin don mu yi magana da ma'auni ɗaya, mataki biyar ma ya isa ba sai goma ba. Wanda ya turo lamba kaɗai a ajiye nasa a gefe. Wanda ya tona yadda fim ya ƙare a cire wannan layin, don ba adalci ba ne ka ɓata wa wanda bai gani ba. Wanda kuma ya bar maganar aiki ya koma zagin jarumi ko jaruma akan rayuwarsu ko halittarsu kar a buga ko kaɗan, a soki aktin a soki labari a soki darakta akan aikinsa, mutuncin mutum kuma a bar masa. Zai yi kyau in an samu mutum biyu da suka saɓa akan fim ɗaya a jera su kusa da juna kowa da dalilinsa, mai karatu ya duba wanda ya fi kama da shi.

In fili ya yi ƙaranci ko rabin shafi ne sau ɗaya a mako ya isa a fara da shi, sai a sanar da mu ranar da za a riƙa rufe karɓa da inda za a tura.

Na gode, Allah ya taimaka ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum